Bayan An Ɗauki Hoto, Wa Ke Waiwayarsu?

Akwai wani ƙanen abokina a unguwarmu da shan-inna ta taɓa tun yana ƙarami, ƙafafunsa biyu ba sa ɗaukarsa. Takardun shaidar koyon sana'a uku ne da shi, yana ajiye da su cikin leda a ƙarƙashin katifa. Ta farko ta ɗinki ce, ta biyu ta haɗa sabulun ruwa da man shafawa, ta uku ta kwamfuta. Ƙungiyoyi uku daban-daban ne suka koyar da shi, kuma duk sau ukun an yi bikin yaye ɗalibai: an kafa rumfa, an raba riguna masu tambarin ƙungiya, babban baƙo ya zo a makare ya miƙa kayan sana'a, an tafa, an ɗauki hoto. Keken ɗinkin da aka ba shi a bikin farko na ƙafa ne. Mutumin da ba ya iya taka ƙasa, shi aka miƙa wa keken da sai an taka yake juyawa, kuma cikin duk waɗanda suka tsaya a hoton babu wanda abin ya dama. Bayan wata biyu ya sayar da shi aka sayi buhun masara a gidansu.

Na taɓa tambayarsa me ya sa yake ci gaba da zuwa irin wannan horo tunda ba ya ganin amfaninsa. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ai ana ba da kuɗin mota da abincin rana. Sati biyu kenan ban je bakin masallaci ba." Ban sami abin ce masa ba.

Ba na cikin masu zagin ƙungiyoyin da ke taimakon nakasassu. Da yawa daga cikin ma'aikatansu mutanen kirki ne, wasunsu ma su kansu nakasassu ne, kuma aikin da suke yi aikin hukuma ne da hukuma ta yi watsi da shi. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne inda suke tsayawa. Mafi yawansu suna ajiye aikin ne daidai inda ya kamata a ce ya fara. Koya wa mutum sana'a shi ne ɓangare mafi sauƙi. Mai wuyar shi ne sama masa wurin da zai zauna, da wanda zai yarda ya ɗauke shi, da wanda zai sayi abin da ya yi, sannan a riƙa leƙa shi har ya tsaya da kansa. Ƙungiyar da ta ce tana sama wa nakasassu aikin yi, tambaya ɗaya ya kamata a yi mata: cikin waɗanda kika yaye bara, mutum nawa ne yau suke cin abinci da abin da kika koya musu?

Dalilin da ya sa ba a yin wannan tambayar ba ɓoyayye ba ne. Kuɗin da ƙungiya ke samu yana zuwa ne da wa'adi, shekara ɗaya ko biyu ko uku, kuma mai ba da kuɗin yana son adadin da zai rubuta a rahoto. Mutum ɗari biyar sun samu horo, wannan adadi ne mai kyan gani, ana ƙirga shi a rana guda daga takardar sa hannu. Amma a ce mutum arba'in suna nan a bakin aikinsu bayan shekara, wannan sai an bi su ɗaya bayan ɗaya, an kashe kuɗin mota, an saurari ƙorafin mai gida da na yaro, kuma adadin ƙarami ne, ba ya burge kowa a taro. Sai ƙungiya ta zaɓi abin da ake iya ƙirgawa. Daga nan sai ka ga mutum ɗaya ya shiga rahoto uku a matsayin wanda aka tallafa wa, alhali ranar Juma'a yana nan inda yake.

Su kansu sana'o'in abin dubawa ne. Kusan duk inda ka je, jerin ɗaya ne: ɗinki, saƙa, sabulu, man shafawa, turaren wuta, takalmi. Babu wanda ya shiga kasuwa ya tambaya ko tana buƙatar ƙarin masu sabulun ruwa. A layi guda a unguwa za ka tarar da mata biyar suna yi, kowacce tana da ƙafar da za ta zaga gida-gida ko 'yar da za ta ɗora wa talla. Makauniyar da aka koya wa a sati biyu, aka ba ta robar sinadari ɗaya, da me za ta yi gogayya da su? In jarin ya ƙare, ya ƙare kenan. Sai a dawo a ce ai su nakasassu ba sa son aiki, sun fi son bara.

Wannan maganar ta bara ya kamata a yi ta ba tare da kunya ba, domin ita ce babbar kishiyar duk wani shiri na sama wa nakasasshe sana'a a ƙasar Hausa. Bara tana kawo kuɗi kullum, ba ta buƙatar jari, ba ta da kuɗin haya, kuma tana da tsarinta tun kaka da kakanni. Akwai sarkin makafi, akwai sarkin guragu, akwai sarkin kutare, kowanne da jama'arsa da unguwarsa da hanyar sasanta rigima da taimakon wanda ya kwanta ciwo. Makahon da ke bara sau da yawa shi ke ciyar da gida, har da ɗan jagorar da aka hana zuwa makaranta don ya riƙe masa sanda. In ka ce masa ya bar wannan ya kama tufkar igiya ko saƙar kujera, lissafi zai yi, kamar yadda kowane magidanci zai yi: wa zai ciyar da iyalina a watannin da sana'ar ba ta fara kawowa ba? Gwamnatin Kano ta haramta bara a tituna a 2013, aka sake shelanta hanin a 2020, kuma kowa ya ga yadda aka ƙare. Ana kamawa, ana saki, ana dawowa. Doka ba ta amsa tambayar magidancin nan, horon sati biyu ma ba ya amsa ta.

To, yaya yaron Bahaushe mai lafiya yake samun abin yi? Ba ta hanyar takardar shaida ba. Ubansa ne ko kawunsa yake kama hannunsa ya kai shi wurin wani a Kantin Kwari ko Sabon Gari ko kasuwar waya ta Farm Centre, ya ce, "Alhaji, ga yaronka nan, na ba ka amana." Mai gida ya karɓe shi saboda mutuncin wanda ya kawo shi. In yaron ya yi laifi, akwai wanda za a kira. In mai gida ya zalunce shi, akwai wanda zai je ya yi magana. Yaro ya yi shekaru yana koyo a cikin cinikin kansa, yana sanin 'yan kasuwa suna saninsa, har ranar da za a yaye shi a ba shi jari ko a buɗe masa rumfa, kuma ko bayan nan yana karɓar kaya bashi a wurin uban gidansa. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Nijeriya ba a ofis ko kamfani mai rajista suke ba, a irin wannan harkar suke. Nan ne aikin yake, kuma ƙofarsa ita ce samun wanda zai tsaya maka.

Abin da nakasasshe ya rasa kenan. Iyayensa da yawa ba su taɓa tunanin kai shi kasuwa ba, wasu don tausayi, wasu don kunya, wasu don sun riga sun yanke cewa abincinsa yana hannun jama'a. Mai gida kuma yana da tsoronsa, kuma ba duka tsoron ne na banza ba: yaya zan yi magana da kurma in kasuwa ta cika, wa zai ɗauko wa gurgu kaya daga sito, in ya faɗi a shagona wa za a kama, in ban ji daɗin aikinsa ba yaya zan sallame shi mutane ba su ce na yi rashin imani ba? Wannan tambayar ta ƙarshe ita ce ta fi hana mutane ɗauka, kodayake ba a faɗinta a fili.

A ganina nan ne gurbin ƙungiya yake. Ta zama kawun da babu. Maimakon ta tara mutum ɗari a zaure guda, ta ɗauki ma'aikaci wanda ya san kasuwa kuma kasuwa ta san shi, ya riƙa bin shaguna da gareji da gidajen burodi da makarantu masu zaman kansu yana tambaya wane hannu ake nema. Ya zauna da nakasasshen ya ji me yake so, me yake iyawa, ina ne iyakarsa. Ya haɗa su, ya tsaya a tsakani. In tebur ya yi tsawo a rage shi, in akwai matakala biyu a ƙofa a zuba siminti a yi gangara, in kurma ne a zo da mai fassara makon farko har mai gida ya koyi alamomi goma na maganar hannu da za su ishe su. Ƙungiya ta ɗauki nauyin kuɗin adaidaita sahu na watannin farko, domin tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin zuwa da dawowa kaɗai yana iya cinye abin da ɗan koyo ke samu, kuma wanda ba ya iya tafiya a ƙasa ba shi da zaɓin taka sayyada. Sannan a gaya wa mai gida tun farko cewa in abu bai yiwu ba, ya kira mu, mu za mu zo mu ɗauke shi mu nema masa wani wuri, babu wanda zai zarge shi. Da wannan alkawarin kaɗai ƙofofi da yawa za su buɗe.

Ba ni na ƙirƙiro wannan ba. Ƙasashen da suka riga mu sun bi doguwar hanya kafin su iso nan. A Birtaniya an kafa Remploy a 1945 don nakasassun da yaƙin duniya na biyu ya bari da sauransu, ta buɗe masana'antu da dama inda nakasassu ke aiki su kaɗai, suna yin kujeru da tufafi da makamantansu. An yi shekaru ana zuba kuɗi, masana'antun suna asara, har aka rufe na ƙarshe a 2013, aka koma ga taimaka wa mutum ya samu aiki a inda kowa yake aiki. Rufewar ta jawo ce-ce-ku-ce, kuma da yawa cikin ma'aikatan sun sha wahala kafin su sami wani abin yi, wannan gaskiya ne. A Amurka kuma, a farkon shekarun 1990, masu bincike Deborah Becker da Robert Drake suka fito da wani tsari a jihar New Hampshire don masu fama da matsananciyar lalurar ƙwaƙwalwa. Sun juya al'adar da aka saba: a fara sama wa mutum aikin da yake so, sannan a koya masa a bakin aikin, tare da wani jami'i da ke bibiyarsa ba tare da wa'adi ba. An gwada tsarin a ƙasashe da yawa, kuma sau da yawa ya fi tsohuwar hanyar a yi ta horo ana jiran ranar da mutum zai shirya. Abin dariyar shi ne, abin da suka kashe shekaru suna bincike kafin su gano, shi ne abin da 'yan Kwari ke yi da 'ya'yan 'yan uwansu tun da can.

Malamai suna yawan kawo ruwayar mutumin Madina da ya zo roƙo wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka sayar da ɗan abin da ya mallaka dirhami biyu, aka ce ya sayi abinci da ɗaya, gatari da ɗaya. Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinta, amma masu wa'azi sun riƙe ta, kuma yawanci a kan gatarin suke tsayawa. Ni abin da ya fi jan hankalina biyu ne: an ce Annabi da hannunsa ya sa wa gatarin ƙota, kuma ya yanka masa kwana 15 ya dawo. An gyara kayan aikin ya dace da mai shi, an kuma sa ranar da za a sake ganinsa. Mu mun ɗauki rabon gatari mun bar sauran. Kuma kada a manta Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makaho, ba sadaka aka riƙa ba shi ba. Ladanci aka ba shi, aka kuma bar masa riƙon Madina ba sau ɗaya ba.

Akwai wuraren da suka burge ni a nan gida, kuma duka nakasassu ne suka kafa su da kansu. A Kano, ƙungiyar waɗanda shan-inna ta shafa ƙarƙashin Aminu Ahmed Tudun Wada ta daɗe tana ƙera keken guragu, masu waldar da masu fentin su ne masu hawan keken. A Jos, Ayuba Gufwan, wanda shi ma shan-inna ta taɓa, ya kafa cibiyar Beautiful Gate da ta ƙera dubban kekuna ta raba kyauta, kuma a 2024 aka naɗa shi shugaban hukumar kula da nakasassu ta ƙasa. Abin da ya bambanta irin waɗannan wurare da bikin rumfa shi ne akwai aiki na gaske da ake zuwa kullum, akwai babba da ƙarami, yaro yana ganin wanda ya yi kama da shi yana riƙe da injin walda yana da mata da 'ya'ya. Wannan ganin kaɗai ya fi lacca goma. Sai dai su ma suna da rauninsu: mai buƙatar keken yawanci ba shi da kuɗin saye, don haka in mai ba da tallafi ya ja baya, aiki ya tsaya. Kuma ba kowane gurgu ne yake son walda ba, kamar yadda ba kowane mai ƙafa ba.

Ta ɓangaren doka ba mu da talauci. A watan Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu wariya. Ta ce ma'aikatun gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, ta sa tarar naira miliyan ɗaya ga kamfanin da ya nuna wariya, mutum kuma naira 100,000 ko wata shida a gidan yari, ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda keke zai shiga. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Duk mai ido ya zaga sakatariyar jiharsa ko bankin unguwarsa ya ƙirga matakalai. Kason kashi biyar ɗin ma, a ƙasar da ake rabon takardar ɗaukar aiki a ɓoye tsakanin masu uwa a gindin murhu, wa ke ƙirgawa? Jamus ma kashi biyar ɗin ta sa, ga duk mai ma'aikata 20 ko fiye, amma can wanda bai cika ba yana biyan kuɗi, kuma da kuɗin ake gyara wuraren aiki ga waɗanda suka ɗauka. Tamu ba ta da haƙori. Aikin ƙungiya a nan ba wani taron wayar da kai a otal ba ne. Ta riƙe jerin sunayen masu digiri da difloma, duk ma'aikatar da ta ɗauki mutane ta je ta tambaya ina kason, in an hana ta rubuta, in ta kama ta kai kotu.

Domin masu karatun suna nan. Makarantar makafi ta Gindiri tun 1953 take yaye ɗalibai, makarantar nakasassu ta Tudun Maliki a Kano ta yi shekaru tana yi, kuma tun 2017 hukumar JAMB ta ware wa makafi tsarin jarrabawa na musamman. Makaho yau yana aiki da kwamfuta da manhajar da ke karanta masa rubutu, NVDA ma kyauta ce, wayar Android tana zuwa da TalkBack a cikinta. Amma mai ɗaukar aiki bai taɓa ganin haka da idonsa ba, don haka da ya ga sanda ya gama yanke hukunci. Rabin sa'a ta isa a nuna masa. Sai dai wani ne zai ɗauki matashin nan ya kai shi ofishin, ya nemi a ba su rabin sa'ar.

Na san za a ce masu ƙafa da ido ma suna zaune, yaya za a yi da gurgu. Gaskiya ne aiki ya yi ƙaranci. Amma mai ƙafa in ya rasa ofis zai yi acaba, ya yi dako, ya tafi cirani. Wanda ba shi da wannan mafitar, in aka ce ya jira sai kowa ya samu, an ce masa ya mutu a bakin titi kenan. Mata kuwa abin ya fi muni, domin ga nakasa ga kulle ga tsoron masu cin zarafi, kuma su ne ba a cika gani ko a bikin rumfar ba.

Za a kuma ce bibiya tana cin kuɗi, masu ba da tallafi ba sa biya. To ai masu ba da tallafin ma suna tafiya. Birtaniya ta rage kason agajinta a 2021, ta sake sanar da ragi a 2025, Amurka kuma ta rushe hukumarta ta agaji, USAID, a shekarar. Wanda ya dogara da su ya ga abin da ya gani. Amma muna da hukumomin zakka da wakafi a Sakkwato da Kano da sauran jihohi, muna da attajiran da ke raba buhunan shinkafa duk azumi. Albashin jami'i ɗaya da zai riƙe mutum ashirin yana bibiyarsu shekara guda bai kai kuɗin rumfa da riguna da ɗakin taro na biki biyu ba. Matsalar ita ce ba a ɗaukar hoton bibiya, kuma mun saba da alherin da ake gani.

Shi ƙanen abokin nawa, a ƙarshe wani maƙwabcinsu mai gyaran waya ne ya ce a kawo masa shi, bayan yayan ya je sau uku yana roƙo ya kuma ce shi ya tsaya masa. Aikin zaune ake yi, hannu da ido yake so, kuma hannunsa ya fi na sauran yaran shagon natsuwa. Watan farko sai da yayan ya riƙa biyan kuɗin adaidaita, kafinta ya yanke ƙafafun wani benci don ya daidaita da tebur. Banɗaki ne ya kusa korarsa, domin na kasuwar yana bayan wani kwalbati da kekensa ba ya haurawa, sai da aka roƙi wani mai shago ya riƙa ba shi makullin nasa. Yanzu yana canza gilashin waya da wurin caji shi kaɗai. Kwanaki wata ƙungiya ta aiko masa da saƙo cewa an zaɓe shi cikin waɗanda za a koya wa yin takalmi. Ya ce wa mai gidansa yana neman izinin sati biyu, mai gida ya tambaye shi ko takalmin yake so ya koma. Ya ce a'a, Oga, an ce akwai kuɗin mota. Mai gida ya ce ya zauna, zai ƙara masa ɗari biyar a kullum.